Yarinyar da ba ta amsa sunanta a Sabon Gari

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da ƙanwata, na rungume fayil ɗin takardunta kamar ni za a ɗauka aikin. Shekara huɗu ke nan da ta gama NCE a fannin koyar da ƙananan yara, shiru. Wata makarantar nazare a Sabon Gari ke neman mataimakiyar malama, kuma ta rantse in wannan ma bai yiwu ba, za ta kulle takardun a akwati ta haƙura da koyarwa. Ni kam ko a jikina, don na san Turanci ake nema, kuma sati biyu ina yi mata horo.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, duk da haka direba ya cusa mu huɗu a baya. Daga Giwa har Shika masara ce hagu da dama, amma ban bar ta ta kalla ba, tambayoyi nake jero mata da Turanci. Sai da wani tsoho ya juyo daga gaba ya ce, "Haba Hajiya, ki bar baiwar Allah ta numfasa mana."

A Samaru muka sauka muka yi fotokwafi, muka sha koko da ƙosai cikin ɗalibai masu Hausa rabi Turanci rabi. Daga nan keke ya bi da mu ta Kwangila zuwa Sabon Gari, inda ake ciniki da buroka, shagunan kayan mota sun cika titi.

Shugabar makarantar dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, Madam ake ce mata. Masu neman aikin su uku, biyun da digiri. Madam ta duba NCE, takardar rajistar malamai da shaidar horon taimakon gaggawa, minti biyu ta gama. Turancin da muka sha wahala a kai ko tambaya ba ta yi ba! Ta ce kowacce ta shiga ajin 'yan shekara uku ta yi rabin awa. Na maƙale a taga.

Masu digirin sun yi waƙa da ABC, ba laifi. Da ƙanwata ta shiga, ta kai yara biyu bayi, ta wanke musu hannu, sannan ta nufi wata yarinya da ke rakuɓe a lungu. Malamar ajin ta ce ta ƙyale ta, Hauwa'u ce, sati biyu da kawo ta, ko an kira ta ba ta waiwayowa, har ana tunanin a ce iyayen su kai ta a duba kunnenta. Na ce a raina, ke dai yi waƙa, lokaci na tafiya!

Ina! Durƙusawa ta yi har ƙasa, da sabon leshinta. Ta ce, "Ummi?" Shiru. "Mami?" Shiru. Ta ɗauki kular abincin yarinyar ta juya, ta ga abin da uwar ta rubuta a gindi. Ta ce, "Inna?"

Wallahi yarinyar nan ta ɗago kamar an kunna fitila. "Na'am," ta ce, ta miƙo hannu biyu.

Ashe sunan kakarta aka sa mata. Uban ya rubuta na gaskiya a fom, a gida kuwa ba mai iya furta shi saboda kunya, ita ko jinsa ba ta taɓa yi ba. Madam ta cire tabarau ta ce, "'Yata, Litinin ƙarfe bakwai ki zo." Ni da na zo ba wa wata ƙarfin gwiwa, ni ce mai hawaye a taga.

Na bar ta wurin gwaggonmu a Samaru, na hau motar Funtuwa ni kaɗai. Abin da na koya: in babu takarda, ba za a bari ki shiga ajin ba, amma a ciki sai kin iya durƙusawa daidai tsayin yaro, kin san gidan da ya fito.

Ina yin sallama a gida, mahaifiyarmu ta ce, "Mama, kin dawo? Ya aka yi?" Na tsaya a bakin ƙofa. Ni ma fa sunan kaka gare ni, shekara arba'in ba a taɓa kirana da shi a gidan nan ba, amma da ni aka tura ajin, da waƙa zan yi.