Ƙafar Eltjo da Na'urar Ƙaramar Hukuma

A ƙauyenmu na arewacin Groningen, a ƙasar Holan, gara a kama ka da satar keke da a ji kana ƙorafi. Amma ko a cikinmu, maƙwabcina Eltjo Wiersema ya yi zarra. Motar madara ya tuƙa duk rayuwarsa, kuma ranar da ta ƙwace masa ta faɗa magudanar ruwa, aka ciro shi jiƙe sharkaf, cewa ya yi da ma yana shirin wanka. Da matarsa ta rasu na je gaisuwa ina sharar hawaye, shi kuwa ya zuba mini kofi, ya miƙo biskit ɗaya, ya rufe gwangwanin, ya ce aƙalla ba a yi ruwa a maƙabarta ba.

Da ya haura tamanin, ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ɗora shi a kan doguwar safa mai matse jijiya, irin wadda tsoho ba ya iya sa wa kansa. Kullum da safe wata ma'aikaciya takan zo a keke ta sa masa. Safar nan ce ke riƙe da shi a gidansa, don 'yarsa Fenna ta riga ta faɗa cewa ranar da aka daina zuwa, sai gidan tsofaffi a birni.

Ana nan sai ma'aikata suka yi ƙaranci, ga shi a ƙaramar hukuma ba mai son ya dubi tsoho ido da ido ya ce masa a'a. Sai suka samo na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda za ta kira mutum a waya, ta ji bayaninsa, ta yanke ko ya cancanci taimako. Suka ce ba ta da son kai. Ban musa ba, amma ba ta taɓa zama da mutanenmu ba.

Ina gidan ta kira shi.

"Yallaɓai, yaya ƙafar?"

"Tana nan a jikina," in ji Eltjo.

"Kana iya sa safar da kanka?"

"Ban taɓa rasa yadda zan yi ba."

Kafin mako ya zagayo aka janye ma'aikaciyar. Roelf kuwa, wani ɗan birni da ya yi ritaya ya tare a layinmu, wanda in sauro ya cije shi sai gari ya ji, ya yi wa na'urar nishi har ta ba shi mai zuwa safe da yamma. Jiya-jiya na gan shi a kan tsani yana gyaran rufi.

Raina ya ɓaci. Na kira ofis ina neman ɗan'adam da zan zazzaga wa masifa, na samu wani saurayi mai ladabi. Ya ce wallahi shi ma ya tausaya, amma ba shi ya yanke ba, sai dai a sa na'urar ta sake kira. Har a muryarsa ka ji daɗin da yake ji cewa ba shi ba ne.

Na zaunar da Eltjo na fara ba shi darasi.

"Ce wayyo."

"Me ya same ni?"

"Dubi ƙafarka, kamar turmi! Ce wayyo Allah, zan mutu."

"To ai kowa ma zai mutu, Hilje. Ƙara kofi?"

"Kofin banza! So kake Fenna ta kwashe ka?"

Ya juya yana kallon taga. A nan na gane tsoro yake ji, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ranar kira na biyu ni da Fenna muka sa shi a tsakiya. Na'ura ta tambayi ƙafa. Na mintsine shi. Goshinsa ya yi gumi, ya ce, "Gaskiya, na taɓa ganin kwanakin da suka fi waɗannan."

Fenna ta fashe da kuka, don a wurin Eltjo wannan 'yar maganar ihu ce. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ubanta ya yi ihu irin wannan ba. Na'urar ta yi masa godiya, ta ce ta lura akwai 'yar damuwa mara tsanani, ta ba shi shawarar ya riƙa ɗan tattaki.

Da lokacin kaka ya yi aka zo ɗaukarsa zuwa gidan tsofaffi. Ya ƙi yarda a riƙe masa hannu, ya ja ƙafa har bakin mota, sannan ya juyo ya danƙa mini makulli.

"Ki riƙa buɗe tagogi, Hilje," ya ce. "Kada gidan ya ɗauka an bar shi ke nan."