Malama Saiwa, Mai Binciken Ƙasar Daji

Allah da Ya ba mu ita Ya karɓi abarSa. Da hantsin Talata, 9 ga watan Mayu, Malama Saiwa ta rasu bayan gajeriyar jinya. Ba sunanta na yanka ba ne. Mu ma'aikatan gandun daji muka laƙaba mata, domin duk bishiyar da aka nuna mata, saiwa take fara tonawa kafin ta ɗaga kai.

Malama, ni ne mai renon dashe, tsohon da kika fitar kunya. Shekarar da dashena suka yi ta bushewa layi-layi, ofis ya ce sakacina ne, har ana maganar sallamata. Kika zo da takalmin roba, kika durƙusa cikin taɓo, kika tuge guda. Saiwar ta yi baƙi, tana wari.

Kika ce, "Baba, ina kake ɗebo ƙasar nan?"

Na kai ki bakin rafi, can cikin daji. Kika cika ledoji, kika tafi ɗakin bincike. Damina ta wuce kina kan aikin, kina kuma roƙon manya su dakata da ni. Ranar da kika kira ni, kin zaunar da ni kan kujerarki, kika sa idona a madubin duba ƙwayoyin cuta. Na ga wasu zarurruka farare kamar auduga. Kika ce wannan ne ke cin saiwar, daga ƙasar bakin rafin yake, kuma ba a taɓa saninsa ba sai yanzu.

Abokan aikinki suka ce a sa masa sunanki. Kika yi dariya, kika ce, "Haba, cuta za ku haɗa ni da ita? Me zan gaya wa surukata?"

Ke kika koya mana turara ƙasa don kashe cutar kafin mu zuba iri. Dashen bayan nan yau sun fi ni tsawo, masu saran itace na hutawa a inuwarsu.

Da na je duba ki asibiti, muryarki da ƙyar take fita, amma sai da kika tambaye ni ko an killace bakin rafin don kada a ƙara ɗebo ƙasarsa. An killace, Malama.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana da tsufanta. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.