Randar Kakata da Duba-gari

A shekarata ta biyu a Manchester aka haƙe layinmu na Longsight, wai za a canja tsofaffin bututan ruwa. Aka tona rami tun daga shagon mai nama har ƙofar gidanmu, aka kewaye shi da shingen roba, sannan ma'aikatan suka ɓace. In ka kira kamfanin ruwa su ce aikin na hukumar unguwa ne, in ka kira hukumar su mayar da kai kamfanin, kuma kowa sai ya fara ba ka haƙuri da tattausar murya. Ruwa ya zo da safe, ya ɗauke da hantsi, in ya dawo ya dawo ja kamar shayi.

Abin haushin, maganar ruwa ce ta kawo ni ƙasar. Digiri na uku nake yi a kan yadda Turawan mulki suka jawo ruwan famfo birninmu, suka fara da unguwarsu, suka bar cikin gari da famfon layi jefi-jefi. Sai in wuni a jami'a ina karanta rahotannin injiniyoyin da suka daɗe da mutuwa suna yabon kansu, in dawo in tarar da 'ya'yana suna ƙorafi da Turanci ba su yi wanka ba, maigidana kuma yana alwala da ruwan gora.

Da abin ya ishe ni, na kwashi yaran wata Juma'a muka tafi Birmingham. Yayar mahaifina, Gwaggo, tana unguwar Sparkhill a gidan ɗanta likita, wanda nake kira yaya. Aikin ido ta zo, ta zauna. Wanka ne ya kai ni, amma ina da wata manufar. Malamar da ke duba aikina ta daɗe tana cewa takardun Turawa sun yi yawa a ciki, tana son muryar mutanen gari, ga shi Gwaggo ta haura tamanin, kuma a kan idonta aka kafa famfo a unguwarsu.

Washegari bayan azahar na zauna gabanta, na kunna waya tana naɗar murya. Na tambaye ta ranar da famfo ya zo, ta ce in fara gyara ɗaurin ɗankwalina. Na sake tambaya, ta shiga labarin kuɓewar Stratford Road da ba ta yauƙi. Sai na tambaye ta ko mutane sun ji haushi da aka fara kai wa Turawa ruwa.

"Wane haushi?" in ji ta. "Mu mun san inda suke ne? Ji muka yi an ce ga ruwa na fitowa daga ƙarfe. Kakarki ƙin sha ta yi, ta ce warin kwano yake."

Har na fara haɗa kayana sai ta ambaci duba-gari, wato ma'aikacin tsabta da ke shiga gidaje yana leƙa randuna, in ya ga tsutsar sauro ya zubar da ruwan. Ta gyara zama. Ta ce ana jibi sunan mahaifina, ita da 'yan matan gidan suka wuni suna jido daga famfo, ga nisa ga layi, har suka cika babbar randar tsakar gida. Sai ga duba-gari da gajeren wando. Ya sa ludayi ya ɗebo, ya ce ya ga tsutsa. Aka ce masa ai ruwan gwamnati ne, yau aka ɗebo, bai saurara ba. Garin tuntsurar da ruwan, randar ta kufce masa ta fashe. Kakata, da jegonta, ta fito daga ɗaki da muciya, ta kora shi har zaure, ya bar takalmi ɗaya. Da ruwan rijiyar maƙwabta aka yi suna, matan unguwa kuma suka hana 'ya'yansu zuwa famfon har damina ta wuce.

A mota muna komawa ina ta sake sauraro. Na gina babi guda a kan labarin nan, malamata ta karanta ta ce shi ne ran aikin gaba ɗaya.

Ana saura 'yan makonni in miƙa aikin, Gwaggo ta kira ni. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Maganar nan ta randa, ki cire ta daga takardarki."

Na ce, "Gwaggo, ai ban sa sunan kowa ba, ko sunan unguwar ban sa ba."

"Duk wanda ya ji muciya ya san gidan. Duba-garin nan kakan matar yayanki ne. Tuwonta nake ci, ita ke ɗiga min magani a ido. So kike a ce na tona asirin surukai a gaban Turawa?"

Na roƙa, na ce zan mayar da muciyar tsintsiya, ta ce a'a. Na kira yayan nawa likita, ya ce shi ba ya shiga tsakanin mahaifiyarsa da matarsa. Dokar jami'a kuma a fili take: mai labari ya janye, labari ya fita. Na cire babin ina ƙunci, na cike gurbin da bayanin tankuna da faɗin bututu. Masu jarrabawa suka ce aikin ya yi kyau, sai dai babu mutane a cikinsa.

Da bazara muka koma Sparkhill bikin saukar karatun 'yar yayana. Falo cike da mata, ina kicin ina zuba waina a faranti, sai na jiyo muryar Gwaggo tana kwaikwayon gudun duba-gari, har da takalmin. Na leƙo. Surukar tata ce ta fi kowa dariya, tana share hawaye tana cewa ai a gidansu ma an san labarin, sai dai su tabarya aka gaya musu. Na tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu. Gwaggo ta hango ni, ta ce in matso da wainar kafin ta huce.