Ranar da na juya wa jikata shafi

Shekara talatin na yi ina jan tirela tsakanin Jos da Legas, birki ya taɓa yanke mini a gangare, amma ban san tsoro ba sai da jikata ta zaunar da ni kusa da piyano a Greensboro ta Amurka.

Duk lokacin zafi akan yi bikin kiɗa a nan, irin wanda mutum uku ko huɗu ke yi, ba ganga ba mawaƙi, jama'a kuma su yi tsit kamar ana rabon gado. Malamai kan zo daga ƙasashe su saurari matasa, su ɗebi waɗanda suka yi musu zuwa babban biki a Turai. Shekara biyu jikata ba ta da zance sai wannan. Ita ke piyano, ƙawayenta biyu na goge, ƙarami da babba.

Ranar gwaji da safe, wadda za ta riƙa juya mata shafin kiɗa ta kwanta zazzaɓi, uwar jikar tawa kuma tana wurin aiki. Ta same ni ina shan shayi a gidanmu na unguwar Glenwood.

"Kaka, sa babbar riga. Kai za ka juya mini."

"Ke amarya, a aji huɗu na tsaya. Wannan rubutun naku mai kama da kashin ƙuda fa?"

"Ba karatu za ka yi ba. In na gyaɗa kai, ka juya. Kuma don Allah kada ka lashi yatsa, ana kallo."

Ni da tun ina yaro nake lasar yatsa kafin in buɗe littafin waƙoƙi a coci!

Muka hau dandamali. Malamai biyar a layin gaba, kowa da biro. Aka fara, sai na gano masifar: yarinyar nan in tana kiɗa, kanta ba ya tsayawa. Wacce ce gyaɗawar daɗi, wacce ce tawa? Gumi ya bi mini baya. Na farko na dace. Na biyu na dace. A na uku busasshen yatsana ya kwaso shafi biyu a haɗe.

Na gani, ta gani. Na kai hannu in gyara, ta ce ta cikin haƙora, "Bari." Ta rufe ido ta ci gaba daga ka. Na zauna da hannu a sama kamar mai rantsuwa a kotu, ina jiran inda za ta yi tuntuɓe ta ja ƙawayenta su faɗi tare. Ban san kiɗan ba, balle in san ko ta riga ta faɗi. Wata malama mai furfura ta yi rubutu, na ji kamar a goshina take yi.

Muka hau bas muka koma gida. Kwana huɗu tuwo ba ya wuce mini. In waya ta yi ƙara, sai in shige bayi.

Rana ta biyar jikata ta buga ƙofar bayin. "Fito, tsoho. Sun ɗauke ni."

Na tambaya ko an lura da shafin.

"Kowa ya lura. Can Turai ma da kai za mu."

Wasa take yi, in ji uwarta. Duk da haka na ɓoye fasfona.