Makiyayin da Ya Tafi Neman Allah

Shekarar da aka ɗebi babana zuwa aikin kuza a Jos, lokacin yaƙin Turawa, gidanmu na Dingyaɗi ya koma daga ni sai kakata, Inna Hassi. Uwata ta daɗe da rasuwa. In an ci tuwo, Inna takan tura kara cikin murhu, mu zauna muna jin hayaniyar gidajen maƙwabta.

Wata rana na ce, "Inna, Allah na can Jos kuwa?"

Ta dube ni, ta ce, "Matso, maigida. Ga wata tatsuniya nan tahe."

Wani makiyayi ne, in ji ta, annoba ta cinye masa shanu kaf. Ya ɗauki sanda ya ce sai ya sami inda Allah yake ya kai kuka. Ya tambayi gulbi, gulbi ya ce, "Ban taɓa ganinai ba, amma ba ni ka tura kaina ba." Ya tambayi gawo, gawo ya ce, "Ni dai wani na ba ni ganye tsakiyar rani." Ya yi ta tafiya har ya faɗi a daji, ba mutum ba tsuntsu. Nan ya ji numfashinsa yana shiga yana fita, ba da izininsa ba. Ya yi kuka ya ƙoshi, ya kama hanyar gida.

"Shanun fa?" na ce.

"Ba su dawo ba. Iyakarta ke nan."

Da na ba kawuna Malam Sani labarin, ya zo har gida ransa a ɓace. "Inna, ki bar sa ma yaro Allah cikin icce. Allah daban, halitta daban."

"Yaushe nac ce icce Allah na?" ta ce. "Cewa niy yi icce ya san mai shi."

Babana bai dawo ba, ko kabarinsa ba mu sani ba. Inna ta rasu kafin damina ta zagayo.

Na yi karatu a gaban Malam Sani, na kuma yarda da abin da ya koya mini. Sai da na tsufa na gane Inna ba musu take da malamai ba. Ta san za ta tafi ta bar maraya, ba ta da gona ko saniya da za ta bar masa. Shi ya sa ta nema mini wanda zan riƙa yi wa magana duk inda na sami kaina ni kaɗai.