Batir Ɗaya, Haske da Ɗumi

Ina zaune a kan dutse a bakin ruwa, can ƙasan wani kogo da ke kudu da Riyad, sai hasken da nake kallo ya ɗauke. Fitilar mijina ce. Tun ɗazu nake hangenta a ƙarƙashin ruwan, kore-kore, a tsaye wuri ɗaya. Yanzu babu komai sai baƙin ruwa.

Mijina direba ne. Kafilinsa, Balaraben da ya ɗauke shi aiki, mai son nutso ne, shi ya koya masa har suka koma shiga tare. Ni kuwa ban daɗe da zuwa ƙasar ba, zaman ɗaki a unguwar Murabba ya gundure ni, na nace sai an tafi da ni. Aka bar ni a bakin ruwa tare da wani dattijo ɗan Maraɗi mai ɗauko musu tukwanen iska.

Akwai igiya ɗaure a dutse wadda ta sauka cikin ruwan. Ban san lokacin da na cafke ta da hannu biyu ba.

"Saki, ɗiyata," in ji dattijon.

"Baba, fitilarsa ta mutu."

"Na gani. Saki igiyar nan. In kika fizgo shi yanzu, ke kika kashe shi."

Na saki.

Ya tsuguna kusa da ni, ya yi mini bayani a hankali. Wanda ya daɗe a zurfi, iska na shiga jininsa, dole ya tsaya a hanya ta fita kaɗan-kaɗan kafin ya taso. Mijina da kafilinsa sun wuce lokacin da suka yanka, don haka tsayuwar ta ƙaru. Batirin da ke ƙugun mijina kuma ɗaya ne, shi ke ba fitila wuta, shi ke ɗumama rigar da ke jikinsa.

"Wutar ba za ta ishi biyun ba," ya ce. "Duhu ba ya kisa. Sanyi ne ke sa hannu ya ƙage, mutum ya kasa riƙe igiya."

"To in batirin ne ya ƙare gaba ɗaya?"

Sai ya ciro carbi.

Nisan da ke tsakaninmu da mijina bai fi tsayin gida mai hawa biyu ba, amma ba ni da ikon miƙa masa hannu. Na zuba wa kumfar da ke tasowa ido. In ta fashe a saman ruwa, sai in ja numfashi. In ta yi jinkiri, sai in ƙara leƙa ruwan. Na karanta duk abin da na haddace tun Islamiyya, na sake daga farko. La'asar ta wuce muna nan, dattijon ya yi salla a kan dutse, ni na kasa tashi.

Can sai hasken ya dawo, rawaya, mai rauni. Ya zagaya sau ɗaya ya sake mutuwa.

"Kin gani?" in ji dattijon. "Alama ce ya yi mana cewa lafiya yake. Malam mai rowar wuta, ko gaisuwa a taƙaice."

Ban yi dariya ba.

Kafilin ne ya fara fitowa, sannan mijina. Leɓɓansa sun yi fari, haƙoransa na haɗuwa, ya kasa cire abin numfashi sai da Baba ya cire masa. Aka lulluɓe shi da bargo, aka kanga masa iska mai tsabta a hanci. Dattijon ya sa shi matse yatsunsa, ya tambaye shi ko gaɓoɓinsa na ciwo. Ya girgiza kai.

Ana gab da magariba Baba ya juyo gare ni.

"Khalas, shi ke nan, ɗiyata. Ya kuɓuta. Tashi ki zuba masa shayi."