Motar Fannami a Garejin Surukinsa

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Bune da Kelle daga Gure ya san Fannami, in bai san sunansa ba to ya san motarsa. Tsohuwar katkat ce, irin motar nan mai ratsa yashi, mai buɗaɗɗen baya, wadda a da fara ce, yanzu kuwa ta ɗauki launin yashin da take bi. Shi kansa dogo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, magana ba ta dame shi ba, kuma ba ya yarda da abin da idonsa bai gani ba. Ko mai kaya ya ɗaure buhunansa da kyau, sai Fannami ya kwance igiyar ya sake ɗaurewa da hannunsa. Fasinjoji sun daina jin haushi, don sun ga motarsa ba ta kwana a daji.

A gidan masu raƙuma aka haife shi. Yana yaro yana bin mahaifinsa kwari su yi lodin kanwa, su kai kasuwannin kudu. Fari ya zo ya share garken yana saurayi, ya shigo gari ya koyi tuƙi a manyan motoci, har Allah ya hore masa tasa. Aikin bai sauya ba sosai: kanwa ce dai da dabino da 'yan kasuwa, sai dai man gazuwal ya maye gurbin kiwo. Daga mahaifinsa bai gaji komai ba sai alamar da gidansu ke yi wa raƙuma da wuta a wuya, layi biyu da ɗigo a tsakiya, da kuma wani darasi na kasuwar dabbobi. Tsohon yakan ce masa, in wani ya tsaya yana kushe raƙuminka, kada ka yi musu da shi, ka bi shi da ido kawai ka ga da wa zai sha shayi da la'asar.

Da wannan hali ya gallabi makanikan Gure. In ya kai mota gyara, da tabarma da buta yake zuwa, ya shimfiɗa a gindin taya, kowace ƙusa aka kwance sai ya karɓa ya juya ta. Ɗaya bayan ɗaya suka gaji da shi, sai wani matashi mai suna Manzo, wanda shi kam buhu yake shimfiɗawa ya jera duk abin da ya ciro a gaban Fannami tun kafin a tambaye shi. Har gida Fannami ya riƙa jansa cin tuwo, abin da bai taɓa yi wa wani makaniki ba. A nan Manzo ya ga Kubra, 'yar farin Fannami, aka yi magana, aka ɗaura aure.

Ranar da aka shafa fatiha, a ranar tabarmar gareji ta naɗe. Mutum ba ya zama a kan mijin 'yarsa yana ƙirga masa ƙusoshi, ballantana mijin 'yar fari wadda ko sunanta ba ya kamawa. In suka haɗu a hanya, Manzo ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Fannami ya amsa gaisuwa yana kallon wani wuri, kowa ya wuce. Kai motar wani gareji kuwa cin fuska ne da gari duka zai gani. Sai ya zama in ta yi tari, ya ba matarsa Kellu makulli, ita ta aika wa Kubra, a zo a ɗauki mota, bayan 'yan kwanaki a maido ta tana tafiya lafiya. Manzo ba ya karɓar ladan aiki. Fannami yakan aika da buhun gero ko kwandon dabino, amma abin bai taɓa kwanta masa ba. Aikin da ba ka gani ba, kuma ba a caje ka ba, a ganinsa akwai inda ake fanshewa.

Haka aka yi shekaru, sai bayan damina ta bara saƙo ya biyo wannan doguwar hanya a juye. Kellu ta same shi yana alwala, ta ce yaron nan ya ce a roƙi Baba ya hutar da motar, ya nemi wata. Ya tambayi dalili. Ta ce ita dai abin da ta ji, wai ƙashin bayanta ne ya gaji.

"Mota ce ko tsohuwa?" in ji shi.

"To ai ka san wadda ta fi daɗewa a gidan nan tsakanina da ita."

Bai yi dariya ba. Injin yana tashi bugu ɗaya, yana hawa tudun yashi ba gardama, ina gajiyar take? Ya bar maganar a ransa. A cikin makon nan kuma, yana tasha yana jiran lodi, sai ga Ɗan Kasuwa, dillalin motoci da kayan gyara, mutumin da a da ɗaga hannu kawai ke haɗa su. Ranar har da riƙe hannu biyu da tambayar iyali. Ya ce akwai wata mota da ta shigo masa, yarinya shar, wadda ta dace da dattijo kamarsa, tsohuwar kuwa zai karɓa a yi musaya, don zumunci kawai, tunda ƙarfe ne ya saura. Yana magana yana shafa murfin injin. Da zai tafi ya waiwayo ya ce, "Famfon gazuwal ɗin nan dai yana nan a ciki ko, Baba Fannami?"

Fannami ya bi shi da ido. Bai wuce kwana biyu ba ya hango shi a bakin garejin Manzo, suna zaune a benci ɗaya, butar shayi a kan gawayi.

Tambaya ba ta yiwuwa, don babu bakin da zai yi ta. Sai ya koma ga abin da ya gada. Wata safiya bayan ya dawo daga masallaci ya buɗe murfin injin a tsakar gida, ya ɗauki ƙusa mai kaifi, ya bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yana zana musu layi biyu da ɗigo a inda ido ba ya saurin kaiwa, ya shafe da baƙin mai. Kellu tana tankaɗe tana kallonsa, ta ce ko raƙuman ne suka dawo. Ya miƙa mata makulli, ya ce a faɗa wa yaron nan yana jin wata ƙara.

Da motar ta dawo ya buɗe ya goge man. Dinamo babu shaida. Wani bututun ruwa ma babu. Ya sake ƙirƙiro wata ƙarar ya aika, wannan karon abu uku suka canza. Ya rufe murfin a hankali ya zauna a kan turmi. To, ga yadda abin yake: a riƙa zare masa masu kyau ana sa masa gajiyayyu, in ta durƙushe a ce ai an faɗa, dillali ya ɗauka a banza, a raba riba a benci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne makullin ta hannun 'yarsa yake bi. Da daddare Kubra ta aiko da dambu kamar yadda ta saba, ya ce ya ƙoshi.

Yana son shaida daga bakin da bai san Manzo ba. Ya ce wa Kellu ya sami lodin Damagaram, ya hau kwalta ya tafi wajen Ma'azu, wani makaniki da suka yi zaman manyan motoci tare tun suna da ƙarfi. Ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin taya, har ya ji wani daɗi da ya manta da shi. Bai faɗi komai ba, ya ce dai a duba masa kayan da ba su da wannan alama, a gaya masa ko za su kai shi gida.

Ma'azu ya daɗe kansa a cikin injin. Da ya ɗago ya ce marasa alamar su ne masu rai. Wasu sababbi ne, wasu kuma daga wata mota aka ciro su, irin wannan sak, amma wadda ba ta sha wuya ba. Ko cikin masu alamar ma, in ji shi, da yawa ba da su aka haifi motar ba, famfon gazuwal ɗin nan kaɗai ya isa a yi sha'awar motar saboda shi.

"Wa kake da shi a Gure da yake sonka haka? Don ni dai na sanka, ba halinka ne ya jawo ba."

Fannami ya ce a bar wasa. Ma'azu ya ce to ya kwanto ƙasa ya ga abin da ba wasa ba. Suka shige ƙarƙashin motar, ya nuna masa shasi, dogayen ƙarafan da komai ke zaune a kansu. Walda ce a kan walda, kuma kusa da kowace sabuwar tsaga ta buɗe. Ya sa yatsa ya ɓantaro ƙarfen kamar ɓawon itace. Kanwar da aka yi shekaru ana lodi, in ruwa ya taɓa ta ta tsiyaya ƙasa, ita ta cinye shi. Ya ce wannan ba ya gyaruwa, wata rana za ta rabe biyu a kan tudu da mutane a baya.

A hanyar dawowa bai wuce tafiyar jaki da yawa ba, kowane rami sai ya ji shi a bayansa. Zuciyarsa kuma ba ta sauka nan take ba. Ya juya maganar ta kowace fuska yana neman inda aka ɓoye ƙugiya. Daga wata mota irin wannan sak. A nan ya tuna Manzo ya taɓa sayen katkat a gwanjon wani aikin raya karkara da ya tashi, yana cewa zai sa ta a hanyar Kelle. Ya ga motar sau ɗaya ko biyu, daga baya bai ƙara ganinta ba, kuma bai tambaya ba, don ba ya tambayar abin da ya shafi gidan.

Washegari da hantsi, lokacin da ya san Manzo yana gareji, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi sallama a gidan 'yarsa. Kubra ta fito a ruɗe tana gyara mayafi, ta ɗauka rasuwa aka yi. Ya ce lafiya lau, hanya ce ta biyo da shi, ya wuce ta kai tsaye zuwa bayan danga inda ya hango tudun tsofaffin tabarmi. Ya yaye. Motar tana zaune a kan duwatsu ba taya, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Ya ɗaga murfin injin ya ga rami. A gefe cikin wani tsohon daro ga dinamonsa da sauran tarkace, kowanne da layi biyu da ɗigo.

Kubra ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa. Ta ce tun shekarar auren ake cira, abin da babu a nan kuma a wajen Ɗan Kasuwa Manzo yake samowa, shi ya sa dillalin ya san abin da ke cikin motar Baba fiye da Baba. Shayin da suka sha kuwa, dillalin ne ya zo a taya shi lallashin Baba ya sayar, Manzo ya ce ba ruwansa. Fannami ya tambayi dangar, ba ita ba, me ya hana a faɗa masa.

"Baba, da wane baki? Ya ce in ka sani ba za ka ƙara aiko ta ba." Ta ƙara da cewa Manzo ya ga alamun tun ranar farko. Cewa ya yi Baba na son sanin nasa, shi ya sa ya tara su wuri ɗaya bai zubar ba.

Fannami ya zagaya gefen motar. Ya tattare rigarsa ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar, ya ɗauki dutse ya bi shasin yana ƙwanƙwasawa daga gaba har baya. Ƙarfe ne mai amo, bai taɓa ɗaukar kanwa ba. Ya fito ya kakkaɓe jikinsa, ya ce dambun ran nan gishiri ya yi kaɗan, a ƙara in za a aiko na yau.

Ɗan Kasuwa ya tare shi a tasha da hannu biyu kamar kullum, yana tambayar ko an yanke shawara. Fannami ya ce an yanke. Ya ce wa dillalin kayan da ya riga ya sayar wa Manzo ya haƙura da su, ba za su dawo masa a kan kuɗin ƙarfe ba, yarinyar tasa kuma ya nema mata wani mijin.

Saƙo ya bi hanyarsa ta kullum, daga Kellu zuwa Kubra: a kwashe duk abin da ke da rai a cikin tsohuwar a mayar jikin waccan. Da yamma Manzo ya zo da kansa ya durƙusa a zaure, ya ce motar ta Baba ce, tun da ma. Fannami yana kallon bango ya ce a'a, jiki na mai jiki ne, shi direba ne kawai, abin da ta samo kuma gida biyu za a raba, in ba haka ba a bar wa kaza. Manzo ya ce to. Iyakar maganar da suka yi ke nan, kuma ta fi duk wadda suka yi tun ɗaurin aure tsawo.

Aikin ya ɗauki lokaci. Kullum da safe Fannami yakan ɗauki tabarma da buta ya shimfiɗa a bayan katangar gareji, ta waje, inda ba ya ganin kowa kuma ba a ganinsa. Daga nan yana jin kowace ƙusa. Masu wucewa in sun tambaya ya ce inuwar wurin ce ta yi masa. An lura dai Manzo, wanda ba mai surutu ba ne, ya koma faɗin sunan duk abin da ya ɗaura da ƙarfi, kamar mai magana da kansa.

Yanzu motar tana hanyar Bune, an shimfiɗa mata leda mai kauri a baya saboda kanwa. Gangar tsohuwar tana tsakar gidan Fannami, Kellu na shanya kuɓewa a kanta. Safiyar da zai fara fita da sabon haɗin, ta same shi ya buɗe murfin injin, ƙusa a hannu, yana bin kayan ɗaya bayan ɗaya.

"Yanzu kuma wa ake zargi, Malam?"

"Shi dai," in ji Fannami, bai ɗago ba. "In ya sake zare nasa ya sa mini, so nake in kama shi."